Ruwan da Ke Shiga Gonar Auwalu

Hamza da Zainabu, ku nake nufi da wannan babin fiye da sauran jikokina, domin labarin mahaifinku ne. Na san abin da kuka taso kuna ji a gari. Wasu na cewa kakanku ya karɓi tuta a hannun soja ya rufe wa ɗansa ƙofa, alhali ba wanda ya ga gawarsa. Wasu kuma na cewa kakarku Asabe ta taɓu ne a wannan shekarar. Ba ta taɓu ba, da hankalinta ta koma ga Allah. Zan gaya muku abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji. Abin da ban gane ba kuwa zan bar muku shi yadda yake, don har yau ban gane shi ba.

Auwalu shi ne ɗanmu na fari, saboda haka ni da kakarku ba ma kama sunansa. Ni "yaron nan" nake ce masa har ya yi gemu. Ita kuwa ko wannan ba ta cika faɗa ba, sai dai ta ce "shi", kuma kowa a gidan ya san wanda take nufi. Ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane, amma in ta kwashe tuwo, kwanonsa take fara rufewa. Gonarmu ta noman rani tana can wutsiyar kanal, wato magudanar ruwan ban ruwa, ta wajen Bunkure, inda ruwa ba ya isowa sai na sama sun gama sha. Mai gona a irin wannan wurin dole ya iya lallaɓa ruwa, Auwalu kuwa ya fi ni iyawa tun yana saurayi. Zai cika tiyo da ruwa, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya wurga shi ta kan gaɓar kanal, ruwa ya kama zuba ba tare da inji ba. Kowa na yin haka. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne, shi sai ya sa tsingaro a ƙarƙashin bakin tiyon, wai don kada ruwa ya ƙwaƙule fangali. Abokansa har tsokanarsa suke yi, suna cewa ya ƙarar da fasassun tukwanen uwarsa a gona.

Shekarar da tsutsa ta cinye mana tumatir ƙurmus, ita ta fitar da shi daga noma. Ya zo ya same ni a zaure ya ce ana ɗaukar soja, yana so ya gwada. Lokacin kai Hamza kana rarrafe, ke Zainabu ba a haife ki ba. Na sa masa albarka. Bayan ya gama horo aka tura shi arewa maso gabas, can wajen tafki, inda ake ta faɗa. Yakan kira mu ranar Juma'a in ya samu sabis. Ya tambayi mahaifiyarku Rabi, ya tambayi farashin albasa, sannan ya ce a kai wa Inna wayar. Ita kuma ta karɓa ta sa a kunne, ta yi shiru tana saurare, daga ƙarshe ta ce, "To, Allah ya tsare," ta miƙo. Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, yana zuwa hutu yana komawa, har wata Juma'a ta zo bai kira ba. Ta gaba ma haka. Bayan kaka, ana shirin dashen albasa, wani hafsa ya kira ni ya ce an kai wa sansaninsu hari, waɗanda aka samu an binne su can, Auwalu ba a samu gawarsa ba, amma akwai abokin aikinsa da ya tabbatar ya cika a hannunsa.

Na shiga cikin gida na tarar da Asabe tana turara shinkafa, sana'arta ke nan. Na gaya mata. Ba ta ajiye muciyar da take juyawa da ita ba.

"Sun nuna maka kabari?"

Na ce ba su nuna ba.

"To, ban ji komai ba tukuna," in ji ta.

Rabi ce ta yi kukan a ranar, ita kaɗai, a ɗakinta. Mutane suka fara shigowa gaisuwa, Asabe ta aika a ce musu ba a yi rasuwa a gidan ba. Ni kaina ban san abin da zan ce wa wanda ya miƙo min hannu ba, in amsa ta'aziyya ko in ce a taya mu addu'a ya dawo.

A cikin wannan halin ne abin gonar ya fara. Akwai ɓangaren da na yanka wa Auwalu tun da ya yi aure, can ƙarshen gonar, kusa da wata tsamiya. Na dasa masa albasa kamar kullum, amma zuciyata ba ta wajen, kuma ruwan shekarar ya yi ƙaranci, ciyawar kacalla ta cushe kanal ɗin. Wata safiya bayan na idar da sallar asuba na tafi da niyyar ba albasar ruwa. Na tarar an riga ni. Fangalin farko har na ƙarshe duk sun sha, ƙasa ta yi baƙi, tiyo suna jere a kan gaɓa, ƙarƙashin bakin kowanne da tsingaro. Nawa ɓangaren, da ke manne da nasa, a bushe yake. Na ce a raina wani daga cikin abokansa ne ya tausaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rantse ba shi ba ne. Na je wurin mai buɗe ƙofar ruwa, ya ce shi ranar ma bai sako wa layinmu ruwa ba. Abin bai tsaya nan ba. Duk lokacin da albasar ta buƙaci ruwa, sai in tarar ta sha. Na gwada yin sammako fiye da kowa, ina zuwa in tarar ruwa bai gama nutsewa ba, kamar wanda ya yi aikin yanzu ya juya baya. Na duba sawu a kan gaɓa, ban ga na kowa ba sai nawa na jiya da na balbela.

Ban gaya wa kowa a gida ba. Amma akwai wani Bafulatani maƙwabcinmu, Malam Jauro, da ke kiwo a bayan gonakin, matarsa ke kawo wa Asabe nono. Ran nan da tsakar rana ina zaune gindin tsamiya, ya biyo da shanunsa zai shayar da su. Da suka zo daidai gonar Auwalu suka tsaya, suka ƙi sa baki a ruwan. Ya daka musu tsawa, ya ɗaga sanda, suka kewaye suka tafi can gaba suka sha. Ya tsaya yana kallona.

"Malam, ashe ɗanka ya dawo, ba ka faɗa ba?"

Na ce wa ya gaya masa.

"Shekaranjiya na hango shi daga nesa, a duƙe a nan. Na yi masa sallama bai juyo ba. Na ce ko sojan ne ya sa masa girman kai."

Na tambaye shi ko ya ga fuskarsa. Ya ce bai gani ba, bayansa kawai ya gani, amma ai ya san tsayuwar yaron tun yana ƙarami. Kafin yamma maganar ta isa kunnen Asabe ta bakin mai nono. Da na dawo na tarar ta share ɗakin Auwalu, ta sa Rabi ta wanke masa kaya. Ta ce min yana nan kusa, wataƙila gudowa ya yi daga yaƙin yana tsoron a kama shi, shi ya sa yake ɓuya. Daga ranar ta koma rufe masa kwanon tuwo.

Ana cikin haka dagaci ya aiko a kira ni. Ya ce sojoji sun aiko, suna so su zo garinmu su yi taron girmama mamacinsu, su miƙa wa iyalinsa tuta, amma sai mahaifinsa ya yarda. Na ce a ba ni lokaci. Na je wurin liman, na kwashe komai na gaya masa, har da tsingaro da shanun Jauro. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi bai san wanda ke ba albasa ruwa ba, kuma ba zai yi min ƙaryar ya sani ba. Abin da ya sani shi ne akwai shaida, hukuma kuma ta tabbatar, sannan akwai yarinya a gidana da ba ta san matsayinta ba, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Ya ce in tambaye ta. Ban taɓa zama da Rabi mun yi doguwar magana ba, saboda kunyar surukuta, amma ranar na kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ke Zainabu kina goye a bayanta.

"Baba, ni jikina ya ba ni tun kafin a kira ka," in ji ta. "Amma Inna na sa ni in yi kwalliya da yamma wai ko zai shigo. Ina yi saboda ita. In na zauna gaban madubi sai in ji kamar ni ce na mutu."

Wannan maganar ce ta yanke min shawara. Na shiga na gaya wa Asabe zan amsa wa sojoji. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, mutum yana zuwa gonarka yana maka aiki, kai kuma za ka tara jama'a ka ce ya mutu. In ya ji, ta ina zai shigo?"

Na ce mata in yana raye, taro ba zai kashe shi ba. Ta ce in je in yi abin da na ga dama.

A filin makarantar firamare aka yi taron, da hantsi. Ban taɓa ganin garinmu ya cika haka ba. Mutanen Kura sun zo a A-daidaita-sahu, na Garun Malam da na Kadawa sun zo a babura, Fulani sun tsaya daga gefe sun dogara sandunansu. Matasan gari ne suka kafa rumfuna suka jera kujerun roba. Abin da ya fi taɓa ni ba sojoji ne suka shirya shi ba. Manoma ne suka haɗa baki cewa in an fara taro, kowa ya kashe injin ban ruwansa, masu injin casar shinkafa ma suka ce za su tsaya. Ku da kuka tashi a nan kun san da rani ba a rabuwa da ƙarar inji, har mutum ya daina jinta. Ranar, da motocin soja suka tsaya, injinan suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, na kusa da na nesa, har ya zama ba ka jin komai sai tutar makaranta tana kaɗawa. Shirun ya yi nauyi, har jarirai suka daina kuka.

Sojoji suka yi fareti suka ƙame. Hafsansu, wani Manjo, ya yi jawabi da Hausa mai kyau, ya ce Auwalu ya tsaya a baya yana harbi har abokansa suka tsallake ruwa. Liman ya yi addu'a. Sannan Manjon ya ce a al'adarsu ana kiran sunan wanda ya faɗi sau uku, kamar yadda ake kiran suna da safe a bariki, kada kowa ya amsa. Wani Saje mai babbar murya ya fito ya kira lamba da suna. Shiru. Ya sake kira. Na lura ba ni kaɗai ba, rabin mutanen garin sun juya suna duban hanyar gona. Hanyar fayau take, ba kowa sai zafin rana yana rawa a kanta. Ya kira na uku. Sai daga rumfar mata na ji muryar Asabe. Ban san ma ta zo ba. Ba ihu ta yi ba, da murya irin ta kiran yaro cin abinci ta yi magana.

"Auwalu. Ana kiranka."

Tun ranar sunansa ba wanda ya taɓa jin wannan sunan a bakinta. Sajen ya tsaya da baki buɗe, ya dubi Manjo. Muka jira, mu duka, har da sojojin, ban san tsawon lokacin ba. Ba wanda ya zo. Aka busa begila, aka harba bindigogi sama, tsuntsayen jan-baki suka tashi daga gonakin shinkafa suka rufe rana kamar hadari, suka wuce.

Manjon ya zo gabana ya sara min, ya miƙo tuta a ninke, da hula, da takalma. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Aka kai wa mata su gani. Asabe ta ɗauki takalmi ɗaya ta juya shi, ta ce wannan ba nasa ba ne, ƙafarsa ta fi haka girma. Gaskiyarta ne. Da na tambayi Manjon daga baya, ya sunkuyar da kai ya ce sababbi ne daga sito, nasa suna tare da shi.

Bayan an watse wani soja ya matso kusa da ni, siriri, hannun rigarsa na hagu a naɗe, ba hannu a ciki. Ya ce sunansa Kofur Bulus, mutumin Filato ne, shi ne wanda ya ba da shaida. Ya ce yana roƙon in kai shi gonar Auwalu. Muka kama hanya mu biyu. Ba mu yi nisa ba na ga ba ni ke kai shi ba, shi ke gaba ina binsa. Ya bi ta bayan masallaci, ya ratsa ta gonar rake, ya hau gaɓar kanal. Na ce a raina yaron nan ya ba shi labarin gida sosai. Amma akwai wata 'yar gada da muke tsallakawa, wadda ta karye bayan kaka, bayan an riga an kira ni an gaya min rasuwar. Tun kafin a hango ta, Bulus ya sauka daga gaɓa ya bi sabuwar hanyar da muka fitar ta cikin gonar maƙwabci. Na tsaya.

"Wa ya gaya maka gadar ta karye?"

"Baba, ai tun da na fara ganinta a karye take."

Na ce ya taɓa zuwa garin nan ne? Ya ce ko Kano bai taɓa kwana ba sai jiya. Muka ƙarasa gindin tsamiya, ya zauna a ƙasa, ya ba ni labari. Ya ce da la'asar aka far musu, suka ja da baya ta cikin ruwa mai kacalla. Harsashi ya sami Auwalu a ƙirji bayan ya tsallakar da su. Bulus ya koma ya riƙe shi, ya ji yana kalmar shahada, ya ji lokacin da ya saki. Ya ja shi iyakar ƙarfinsa, sai shi ma aka same shi a hannu. Dole ya bar shi a cikin kacalla, ruwa iya ƙirji. Ya ce ya rufe masa ido kafin ya tafi, wannan kam ya tabbata.

"Tun ina asibiti nake ganin wurin nan in na rufe ido," in ji shi. "Hanyar nan da muka biyo, da bishiyar nan. Yana duƙe can yana jera roba a bakin ruwa, yana sa wani abu kamar fasasshiyar tukunya. Ba ya ce min komai. Ina kiransa ba ya juyowa. Na je wurin fasto, na je wurin likita. Na ce bari in zo in gani ko wurin akwai shi da gaske."

Ya tashi ya je bakin fangali ya ɗauki tsingaro ɗaya, ya daɗe yana dubansa, ya mayar daidai inda ya ɗauka. Ya yi addu'a irin tasu, ni ma na yi tawa. Da za su tafi na karɓi lambar wayarsa.

Washegari aka yi sadaka, aka zauna makoki yadda ya kamata, Rabi ta shiga takaba. Da ranar ban ruwa ta zagayo na je gona da sassafe. Albasar Auwalu a bushe take, ganyenta ya fara langaɓewa, tiyo na nan a tare inda na bar su. Ina tsaye sai ga Asabe ta biyo ni, ita da ta yi shekaru ba ta taka gona ba. Ta durƙusa ta tura yatsunta cikin ƙasa, ta ɗebo, ta murza, ƙasar ta zube kamar gari.

"Ka kore shi," in ji ta.

Ni na ba albasar ruwa ranar, kuma ni na ci gaba da ba ta har aka cire. Ba a sake riga ni ba.

Abin da na rasa saboda wannan shawarar shi ne kakarku. Ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga min murya ba, ba ta fasa dafa min abinci ba. Magana ce kawai ta daina yi min kai tsaye. Kai Hamza za ka tuna, kai take aikowa: je ka ce wa Malam ruwan wanka ya yi, je ka ce wa Malam gishiri ya ƙare, ko da ina zaune a gabanta. Da Rabi ta gama takaba, daga baya ta sami miji a Kura, Asabe ce ta haɗa mata kayan ɗaki da hannunta, ta raka ta har bakin mota, amma ni ba ta ce min uffan ba. Mun yi shekaru a haka, gida ɗaya, tsakar gida ɗaya. Sau da yawa na tambayi kaina ko da na ƙi karɓar tutar da ya fi. Duk lokacin da na tuna maganar Rabi a bakin zaure, sai in ga ko yau aka sake tambayata, abin da zan yi ke nan.

A ciwonta na ƙarshe, wata rana da tsakar rana ina zaune bakin gadonta ina mata fifita, babu yaro ko ɗaya a kusa da za ta aika. Ta buɗe ido ta ce, ba tare da ta dube ni ba, a kira mata yaron nan mai hannu ɗaya. Na lalubo lambar, na kira, Allah ya sa ta shiga. Bulus ya bar soja, yana sayar da dankali a garinsu. Na sa mata wayar a kunne, na riƙe mata, ina jin muryarsa sama-sama.

"Kai ne ka rufe masa ido?"

Ya ce shi ne, Mama.

"Da hannunka?"

Ya ce da hannunsa na dama, wanda ya rage.

"Har yanzu kana ganinsa?"

Ya ce a'a. Tun ranar da ya zo garinmu ya ga gonar, bai sake ganinsa ba, barci yake yi lafiya.

Ta lumshe ido har na zaci ta koma barci. Sannan ta ce masa Allah ya yi masa albarka, ya gaishe da iyalinsa. Na kashe wayar. Ta juyo da kanta a hankali ta dube ni, ta dube ni sosai, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya tana duba abin da ya canja a gida.

"Malam," in ji ta, "ka rame. Ka ci abinci kuwa?"